Yadda Ake Tsara Harabar Makaranta Ko Asibiti Mai Gidajen Ma'aikata A Sudan

Da zarar jama'a sun samu fili, tambayar farko a zaman kwamiti ita ce jan bulo dubu nawa za a saya, sai kuma wa za a ba aikin. Ni kuwa roƙona kullum shi ne a ajiye zancen bulo tukuna. Bango in ya tsage ana ɗinke shi, kwano in ya yi yoyo ana sauya shi. Amma ajin da aka dasa a kan hanyar ruwa, ko gidan malamin da aka cusa tsakiyar hayaniyar yara, babu usta, wato gwanin magini, a faɗin Sudan da zai gyara shi sai dai a rushe.

Harabar da nake nufi ita ce wadda ta haɗa wurin aiki da wurin kwana: makaranta, ko masid, wato tsangayar karatun Alƙur'ani, ko ƙaramin asibiti, tare da gidajen masu aiki a ciki. Don magana ta zauna, bari mu riƙe misali ɗaya. Fili ne faddan 6 a wani gari na yankin Sinnar. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ke nan muna da 25,200, a ce mita 140 a faɗi, 180 a tsawo. Ana son makaranta mai ɗalibai 300, daga ciki 120 masu kwana, da ɗakin shan magani, da masallaci, da gidaje 10 na magidanta.

Da farko, takarda

Kada a kafa ko turke ɗaya sai an san matsayin filin a wurin hukuma. Tun dokar 1970 ake ɗaukar ƙasar da ba a yi wa rajista ba a matsayin ta gwamnati, don haka kyautar baki daga shehun gari ko umda, wato dagaci, komai girmansa, ba ta wadatar ba. A je ofishin rajistar filaye a karɓo takardar binciken mallaka, wadda ake kira shahadar bahas. In filin na noma ne, a nemi a sauya masa manufa zuwa na gini. In wakafi ne, a rubuta shi wakafi da sunan cibiyar tun mai bayarwa yana raye, magadansa suna zaune suna ji. Wurin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ratsa kuwa, kada a tura yara share shi. A fara kiran masu aikin kwance nakiyoyi su duba.

Na biyu, a taka filin, kuma a taka shi da damina

Zuwa da kai ya fi aike. Filin da ka gani a watan Maris, busasshe, shimfiɗe kamar tabarma, ba shi ne za ka gani a watan Agusta ba. Ƙasar Jazira da Sinnar da Gadarif lafiyayya ce a ido, gangarenta ɗan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa tudun da bai wuce kamu biyu ba yake iya raba wurin da zai bushe da wanda zai zama tafki. A je washegarin ruwa mai ƙarfi, a zaga da turaku a hannu, duk inda ruwa ya kwanta a kafa alama, duk inda yake gudu a bi shi har inda ya fita daga filin.

A tafi da tsofaffin wurin. Na taɓa tsayawa ina nuna inda za mu sa ɗakin kwanan yara, wani dattijo da ya yi shiru tun safe ya ce, "Ɗana, nan da kake tsaye kor ne. Shekarar babbar ambaliya a nan ruwa ya kai mini ƙugu." Na ce, "Baba, ai ban ga alamar rafi ba." Ya ce, "Noma ya shafe shi a idonka, ruwa kuwa bai manta ba." Safiyo da ya zo da na'urarsa ya tabbatar da maganarsa. Saboda haka a tambaye su ina ruwan 1988 ya tsaya, ina na 2020 ya tsaya, a ɗora daɓen kowane ɗaki sama da wannan alamar da aƙalla rabin mita. A kuma tambaya ko burtali ya bi ta wurin, wanda makiyayan nan ke kira murhal. Katangar da ta tare hanyar shanu rigima ce ta kowace shekara.

Bayan haka sai safiyo ya fitar da taswira mai nuna iyaka, da tudu da kwari, da bishiyoyin da ke ciki, da hanyar mota, da inda layin wuta da na ruwa suka fi kusa. A haƙa ramukan gwaji huɗu ko biyar, zurfin mita 2 zuwa 3, a kai ƙasar ɗakin gwaji. Kuɗin nan ba asara ba ne, za a ga dalili in mun zo kan harsashi.

Na uku, a ƙirga mutane, a bi yininsu

Kafin mai zane ya ja layi, kwamiti ya zauna ya rubuta su wane ne za su rayu a harabar nan, da abin da kowannensu yake yi daga asuba zuwa bayan isha'i. Ɗalibi mai kwana, ɗaliba mai zuwa ta koma, malami magidanci, malami gwauro, matar malami da yaranta da akuyoyinta, ungozomar da za a buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, mai dafa abinci, mai gadi, mai amalanken jaki da ke kawo itace ko ruwa, mara lafiyar da aka ɗauko a mota, baƙon da ya zo ziyara zai kwana. A ja hanyar kowa da alƙalami mai launi daban. Duk inda layuka biyu da bai kamata su haɗu ba suka gitta juna, kamar hanyar mai tari da ta 'yan aji ɗaya, nan ne gyara yake.

A zaman nan dole a ji daga mata. In ba za su yi magana gaban maza ba, a yi musu nasu zaman. Su suka san nisan famfo da madafi, su suka san inda hayaƙi ke bi.

Daga ƙirgar ne lissafin ɗakuna yake fitowa. Aji mai mita 7 da 9 yana ɗaukar yara 45 a wadace, ke nan ɗalibai 300 suna buƙatar azuzuwa 7. Ɗakin kwana a ba kowane yaro kusan murabba'in mita 3 zuwa 4, kuma ɗakuna shida masu mutum 20 sun fi zaure guda mai 120, don tsaro da kuma ranar da cuta mai yaɗuwa ta shigo. Gida ɗaya a ba shi mita 15 da 20. In aka tara duka, da hanyoyi da filin wasa, za a ga kusan kashi ɗaya cikin uku na filin ya rage. Kada a yi masa kwaɗayi. A zana abin da za a gina a kansa nan da shekara goma, a bar shi fayau.

Na huɗu, rabon fili

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Ba sabon ilimi ba ne. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san tsarin: zaure ga kowa, shigifa ga wanda aka sani, cikin gida ga iyali. Gidan Sudan ma haka yake, daiwan ga baƙi maza, hosh na mata daban. Manyan masid irin na Ummu Dawwan Ban, gabas da Khartum, a kan wannan tsari suka girma: masallaci da ɗakunan baƙi a gaba, wutar karatu da ake kira tugaba da makwancin almajirai a tsakiya, takiyya inda ake dafa abinci a gefe, gidajen shehu da iyalinsa a baya. Abin da za ka yi shi ne ka faɗaɗa zaure da shigifa da cikin gida su cika faddan shida.

Gefen titi na jama'a ne. Nan za a sa masallaci, da ɗakin shan magani, da ofis, da ɗakin baƙi, yadda mutumin gari zai yi salla ko ya karɓi magani ya fita ba tare da ya ratsa makaranta ba. Ɗakin shan magani ya samu ƙofarsa ta kansa daga titi, mai faɗin da mota za ta shiga har bakin baranda, da rumfar jira mai iska, sashen mata daban. Tsakiya na aiki ne: azuzuwa, ɗakin malamai, filin taro. Bayansu makwancin ɗalibai da madafi. Can ƙarshe kuma unguwar ma'aikata.

Na ce unguwa da gangan. Akwai wata makaranta da na sa hannu a tsarinta shekarun baya, muka jera gidajen malamai guda shida daf da bayan azuzuwa, ƙofar shiga harabar kuma ɗaya tak, saboda kwamiti ya ce a rage kuɗin katanga da na mai gadi, ni ma na yarda. Kafin shekara biyu huɗu daga cikin malaman sun koma haya a cikin gari. Da na tambaya, matar ɗayansu ta ce mini ta bayan labule, "Injiniya, gidan da za ka shanya wanki yara ɗari uku suna kallo, in ƙanwarka ta zo sai mai gadi ya tambaye ta wurin wa ta zo, wannan gida ne ko ofis?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Gidajen suna nan da kyaunsu, an mai da su ma'ajiyar kujeru.

Saboda haka unguwar ma'aikata ta samu ƙofarta zuwa cikin gari, wadda ba ta bi ta makaranta ba, a yi biki da suna da zaman makoki ba tare da an nemi izinin shugaban makaranta ba. Tsakaninta da wurin aiki a yi katanga ko shinge mai kauri, da 'yar ƙofa guda ta masu tafiya a ƙasa. Tazarar kada ta yi yawa: mita 100 zuwa 150 tafiyar minti biyu ce, ta isa ta kashe hayaniya, ba ta kai ta hana malami zuwa cin abincin rana ba. Mutum uku ne kawai za a matso da su: mai kula da ɗalibai masu kwana, ya kasance yana jin motsinsu da dare, ma'aikacin jinya ko ungozoma, kusa da ɗakin shan magani, mai gadi, a bakin ƙofa. Gwauraye a yi musu nasu sashe, ɗakuna a jere da madafi da banɗaki na tarayya, ƙofarsu ba ta kallon ta magidanta. In akwai 'yan mata masu kwana, makwancinsu ya jingina da unguwar iyali, da gidan malama a bakin ƙofarsu.

Hanyar mota kuwa ta zaga ta gefen katanga, faɗin mita 5 zuwa 6, ta kai ga madafi da tankin ruwa da gidaje. Kada ta ratsa inda yara ke gudu.

Na biyar, rana da iska da alƙibla

Kowane dogon gini a miƙe shi daga gabas zuwa yamma, tagoginsa su kalli arewa da kudu. Ranar hantsi da ta la'asar ƙasa-ƙasa suke zuwa, babu rumfar da ke tare su, don haka bangon gabas da na yamma su zama gajeru, marasa taga, ko a jingina musu sito ko banɗaki su sha zafin. Ranar tsaka kuwa baranda na maganinta. A wajen Sinnar, ko a tsakiyar sanyi rana tana hawa kusan digiri 53 daga kudu, barandar mita 2 zuwa 2.5 ta isa ta inuwantar da bango duka. Abin da mutane ke mantawa shi ne daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana tana karkata arewa da tsakar rana, saboda haka bangon arewa ma yana son bakin rufi mai ɗan tsawo. Wanda ya taɓa shiga tsohon ginin Jami'ar Khartum, wanda aka buɗe a 1902 da sunan Kwalejin Gordon, ya ga hikimar: jan bulo mai kauri, rufi mai tsawo, baranda mai bakuna ta kewaye azuzuwa.

Wannan miƙewar tana yin aiki biyu, domin iskarmu ma arewa da kudu take kaɗawa. Daga kaka har ƙarshen sanyi ta arewa ce, busasshiya. Da damina ta juya ta zo daga kudu maso yamma. Taga a bango biyu masu kallon juna, iska ta shiga ta fita. Tsakanin jere da jere a bar aƙalla ninki biyu zuwa uku na tsawon ginin sama, kada na gaba ya tare wa na baya. Kuma tunda iska tana kai da komowa a kan wannan layi, abin da ke da wari ko hayaƙi, wato masai da madafi da janareta da wurin ƙona sharar asibiti, a kauce da shi daga layin, a kai shi kusurwar kudu maso gabas ko arewa maso yamma.

Habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa kamar bango gab da damina, ba a tare ta, ana dai rage mata ƙarfi. Layi biyu ko uku na darbejiya a gefen kudu da gabas, tagogi masu murfin da ke rufuwa ruf, tsakar gida ƙanana maimakon fili guda fankameme. Kwano a ɗaure shi da rodin da ke cikin linta, ba a ɗora masa duwatsu ba. Miskit kuwa, bishiyar ƙayar nan mai mamaye wuri, ko kyauta aka kawo kada a dasa. Mutanen Kasala da Sabuwar Halfa sun san abin da ya yi wa gonaki da magudanai.

Sai alƙibla. Bakinmu ya saba da cewa a fuskanci gabas, kuma a Kano maganar ta kusa daidai, don alƙiblar can kusan digiri 68 ce daga arewa. Amma kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin Nilul Azrak sun riga sun matso kudu da Makka. A Khartum alƙibla kusan digiri 49 ce, a Sinnar da garin Mai Wurno wajen 36, a Gadarif wajen 29, wato ta fi kusa da arewa. Ma'anarsa masallaci zai tsaya a karkace da sauran gine-gine. Kada a tanƙwara dukkan harabar ta bi shi, kada kuma a gina shi a miƙe a zo ana karkata sahu a ciki. A fara kafa masallacin a kan alƙiblarsa, sauran su bi rana, 'yan kusurwoyin da suka rage a tsakani a yi wurin alwala da sabil, wato randunan ruwan sha na sadaka, a ƙarƙashin bishiya. Masai kuma a zaunar da shi yadda mai amfani ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba.

Na shida, ruwa: na sha, na sama, na ƙazanta

A yi lissafi a fili. Masu kwana 120, kowa lita 40, 4,800 ke nan. Gidaje 10 masu mutum 7, kowa lita 50, 3,500. Masu zuwa su koma 180, kowa lita 5, 900. Ɗakin shan magani a ba shi 1,000. An haura 10,000, in aka ƙara alwalar jama'a da ban ruwan bishiyoyi a ce 12,500 a yini. A tanadi na kwana biyu, lita 25,000, rabi a ƙasa rabi a tankin sama, tankin kuma a tudun filin. Famfon rijiyar burtsatse a sa masa sola. Shekarun nan sun koya wa kowa abin da ke faruwa in wuta da man dizal suka yanke tare. Layin gidaje a raba shi da na makaranta, kowanne da makunninsa, in ba haka ba rigimar wa ya shanye ruwa ba za ta ƙare ba.

Ruwan sama dukiya ne. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin azuzuwa mai murabba'in mita 500, a shekarar da aka samu milimita 400, ya tara lita 200,000. A sa indararo da bututu zuwa tanki. Wanda ya zuba a ƙasa kuma a yi masa lambatu buɗaɗɗe mai gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya bi hanyar da ka gani da idonka ranar da ka taka filin. Inda ya gitta hanya a sa kwalbati. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini a cike shi, ko a kewaye shi a mai da shi hafir na gaske, wato tafkin tara ruwan sama; in an bar shi haka, gidan sauro ne kuma tarkon yara.

Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ta ɓangaren gangare, gindin raminsa ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya ga maza 50 tare da wurin fitsari, na mata da na maza ba sa kallon juna. Al'adar haƙa rijiyar sayfon, wato ramin da ruwan masai ke zuba a ciki, har sai an taɓa ruwan ƙasa ba na goyon bayanta a harabar da ke shan ruwan rijiyarta. Kuma a baƙar ƙasa dole a gina bangon ramin da bulo tun daga ƙasa, in ba haka ba damina ɗaya ta rufta da shi.

Na bakwai, harsashi da bango da rufi

Baƙar lakar da ta sa Jazira ta yi suna da auduga tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ita ce babbar abokiyar gabar magini. Irinta ce mutanen Borno ke kira firgi. Da rani ta tsattsage har hannu ya shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta. Gini mara nauyi, irin aji mai hawa ɗaya, shi ta fi wasa da shi. Tsagar da ka gani ta tashi a karkace daga kusurwar taga, aikinta ne.

Maganin ya danganta da abin da gwajin ƙasa ya nuna, kuma injiniya ne zai yanke, ba usta ba. Ko dai a sauke ginshiƙan kankare su wuce zurfin da danshi ke sauyawa, a ɗaure kawunansu da katakon kankare wanda bai kwanta a kan lakar ba, ko a kwashe lakar a cike da yashi da tsakuwa ana daddaɓewa hawa-hawa. Kowanne aka zaɓa, sauran dokokin ɗaya ne: a hana ruwa zama a gindin bango. Daɓe mai faɗin mita ɗaya da rabi ya kewaye ginin yana gangarawa waje, famfo da wurin alwala su yi nesa da harsashi, bishiya kada ta matso fiye da tsawon da za ta kai in ta girma. Dogon jere a yanka shi, a bar tsaga ta gangan bayan kowane aji biyu ko uku. Katanga ma haka, in ba so ake a ga ta kwanta gaba ɗaya ba. A wajen Gadarif akwai ƙarin dalilin daɓe tsakar ɗakin kwana da kewayensa: ƙudan da ke kawo cutar kala'azar yana son tsagar baƙar ƙasa da kurmin dushe da aduwa.

Bango kuwa, jan bulon da ake gasawa a bakin kogi ya fi bulon siminti mai rami sanyi, musamman in an yi shi bulo ɗaya da rabi. Inda ƙasa ta yarda, ginin jalus, wato na laka, da yaɓen zibala, wato laka da kashin dabbobi, bai da laifi ga gidaje, muddin an ɗora shi a kan gindin jan bulo kuma bakin rufi ya kare shi. Yawancin zafi ta sama yake shigowa: a ɗaga rufi ya kai mita 3.5, a sa silin, a bar kafofin da iska mai zafi za ta fita tsakaninsa da kwano, a shafa wa kwanon farin fenti. Asibitin zuciya na Salam da ke Soba, wanda aka buɗe a 2007 ya kuma ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2013, gidajen ma'aikatansa da kwantenonin da suka kawo kayan aikin aka yi su, aka lulluɓe cikinsu da abin hana zafi, aka ɗora musu rufi na biyu a sama, aka jera su kewaye da tsakar gida mai bishiyoyi. In akwatin ƙarfe ya zaunu a zafin Khartum, to maganar ba ta tsadar kaya ba ce. A bakin kowane ginin jama'a kuma a yi gangaren keken guragu, tashin santimita 10 a kowace mita 1.2.

Gidan ma'aikaci kansa

Ba sai ya yi girma ba. Ɗaki biyu da baranda, ɗakin baƙi mai ƙofa daga waje, madafi a ware, banɗaki a kusurwa. Abin da ba a taɓawa shi ne tsakar gida. Fiye da rabin shekara a waje ake kwana a kan angarib, gadon igiya, a rakuba, wato rumfa, ake yini, don haka a bar rabin filin gidan babu gini, katanga ta kai mita 2 ko fiye, kuma a tabbata babu tagar aji ko matakalar tanki da ke leƙa ciki. A zana inda za a ƙara ɗaki na uku in iyali sun ƙaru. Gida biyu su haɗa bango ɗaya, an rage kuɗi an rage gefen da rana ke duka. Kuma ni ban ga amfanin gina wa shugaba fada, a ba mai shara akurki ba. Bambancin ɗaki ɗaya ya isa, famfo da masai kuwa kowa iri ɗaya.

Na takwas, a zana a ƙasa kafin a haƙa

Yawancin 'yan kwamiti ba sa karanta taswira, kunya ce take sa su gyaɗa kai. A ɗauki igiya da turaku da toka a fitar da kowane gini a kan filin da girmansa na gaskiya, har ƙofofi. A kira malamai da matansu da ungozoma su shiga su fita, a sa mai mota ya gwada juyawa, a dawo da la'asar a ga inda inuwa za ta faɗi. Gyaran da aka yi da tafin ƙafa a kan toka kyauta ne. Bayan nan ne mai zane zai kammala taswirar da za a kai hukumar tsara gari a nemi izinin gini.

Na tara, a gina kaɗan-kaɗan a kan zane guda

Kuɗin jama'a ba ya zuwa lokaci ɗaya, kuma fam ɗin Sudan ba ya kwana inda ya yini, shi ya sa ya fi kyau a rubuta kasafi da buhun siminti da tan na rodi da dubun bulo, duk abin da ya shigo a mai da shi kaya nan take. Jerin aikin kuwa: ruwa tukuna, sai shinge da dashen bishiyoyi don su riƙa girma ana gini, sai lambatu da hanya, sai azuzuwa uku ko huɗu tare da masai da gidaje biyu ko uku a zubi ɗaya. Kada a ce gidaje sai daga baya. Garin da ba shi da wurin sauke malami, ajinsa zai zauna babu malami. Hukumar jirgin ƙasa a Atbara da kamfanin sukari na Kenana ba don ado suka gina wa ma'aikatansu unguwanni ba.

Haƙa da cike da dashen itace aikin gayya ne, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir. Rodi da kankare da wayar wuta kuwa a bar wa masu sana'ar, a biya ɗan kwangila mataki-mataki bayan injiniya ya duba, a riƙe wani kaso har damina ta wuce a kan ginin. Haƙan harsashi a gama shi a rufe kafin Yuni. Duk bututu da wayar da aka binne a ɗauki hotonsu kafin a mayar da ƙasa, a sa alamarsu a kan taswira, a yi kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya wurin shugaban kwamiti, ɗaya a waya. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi kuma, mutum biyu su fita da turaku kamar yadda aka yi tun farko, su zaga bayan kowane gini, duk inda ruwa ya kwana a gindin bango a cike shi a gyara gangarensa a cikin makon.